Hutun Disamba a Lamorde: Baƙo na ganin wata ɗaya, 'yan gida na zama da goma sha biyu

Da zarar hunturu ya busa, watan Disamba ya raba tsakiya, gidajen Yamai kan fara cika da baƙi. Makarantu sun ba da hutun ƙarshen shekara, ma'aikata sun nemi 'yan kwanaki, 'yan'uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka da Kanada kuma suna gudun ƙanƙara. Wasu na sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani bayan sun biyo ta Kasablanka ko Istanbul. Wasu na shigowa ta tashoshin manyan motoci daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas, wasu kuma daga Kano, Lome, Akra da Abijan, kowa da tsarabarsa. A Lamorde da sauran unguwannin ƙetaren kogi, da wuya ka ratsa layi guda a irin wannan lokaci ba ka ga gidan da aka yi wa sabon fenti ba, ko ƙofar da aka kafa wa rumfar biki.

Abin farin ciki ne, kuma ba na cikin masu cewa a rage zuwa. Zumunta a ƙafa take, kiran bidiyo bai taɓa maye gurbin durƙusawa gaban mahaifiya ba. Abin da nake so mu duba shi ne, baƙon Disamba yana tarar da unguwar a watan da ta fi kyau, yana kuma tarar da gidan a lokacin da aka fi gyara masa fuska. Cikin mako biyu ko uku sai ya yanke shawarwarin da za su bi iyali har shekara ta zagayo: filin da za a saya, ginin da za a yi, kuɗin da zai riƙa aikowa duk wata. Da abin da idonsa ya gani yake yanke su, idon kuwa wata ɗaya ya gani cikin goma sha biyu.

Abin da Disamba ke nunawa

Duk wanda ya san Yamai ya san babu lokacin da ya kai Disamba da Janairu daɗin zama. Da asuba awon zafi kan sauka zuwa digiri 15 ko 16, mutum ya ja bargo, da rana kuma bai cika wuce digiri 33 ba. Sauro ya yi sauƙi. Wutar lantarki ta fi zama, domin ba kowa ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba. Lambunan bakin kogi sun yi kore shar, salak da kabeji da karas da tumatir sun fara wadata a kasuwar Harobanda. Hanyoyin unguwa sun bushe, taksi na kai mutum har ƙofar gida. Da yamma a zauna a kalli kokowar takobin ƙasa a talabijin, wadda a 'yan shekarun nan ake yi a ƙarshen Disamba, a sayo kilishi, a ɗora shayi. Ga bukukuwan aure da aka tara musamman don 'yan waje su samu halarta. Ƙura ce kawai ke damun baƙo, ita ma da rawani ko ƙyallen rufe hanci an gama da ita.

Kogin Isa, wato kogin Neja, shi ma a wannan lokaci yake da kyan gani. Wanda ya tsaya kan gadar Kennedy da la'asar zai ga ruwa ya cika fal yana tafiya a natse, masunta na jefa taru daga kwalekwale. Hoton da baƙi suka fi ɗauka ke nan su watsa a Facebook da WhatsApp. To amma kogin sau biyu yake cika a Yamai cikin shekara, kuma cikar biyun ba halinsu ɗaya ba.

Ruwan da ake gani a lokacin ɗari daga nesa ya taso. Ruwan saman da aka yi a tsaunukan ƙasar Gini ne, ya ratso Mali, ya bazu a faffaɗar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbuktu, ya yi watanni a hanya kafin ya iso mana, ya kai ƙarshen hawansa wajajen Janairu zuwa Fabrairu. Wasu shekarun shi ma yakan sa hukumomi su yi gargaɗi, sai dai a hankali yake hawa, yana ba mutane lokaci. Ɗaya cikar ita ce ta Agusta da Satumba, wadda ake kira jan ruwa saboda launin ƙasar da yake kwasowa. Shi daga kusa yake zuwa, ta rafukan Gorouol, Dargol da Sirba da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso su zuba a kogin sama da Yamai. Cikin 'yan kwanaki yake tashi. Yana kuma tahowa da yashi ya jibge a cikin kogin, abin da ke rage masa zurfi shekara bayan shekara, ruwan ya rasa wurin zama sai gidajen mutane.

Mutanen ƙetaren kogi ba sa buƙatar a ba su labarin jan ruwa. A watan Agustan 2012 ya shiga unguwannin gundumar Yamai ta biyar, har aka kwashe iyalai da dama aka tsugunar da su a Seno. A farkon Satumban 2020 awon kogin ya kai kimanin santimita 700, tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, alhali matakin jan gargaɗi santimita 620 ne. Shingen ƙasar da ke kare Lamorde, wanda muke kira dig, ya fashe, ruwa ya mamaye unguwar, mutane suka fita da abin da suka iya ɗauka a ka, wasu a kwalekwale. A daminar 2024 kuma ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rufta, ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai na ɗan lokaci, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Kafin Disamba duk wannan ya ɓace wa ido. Taɓo ya bushe ya koma ƙura. An ɗaga katangar da ta faɗi, an shafe bango. Kududdufin da ya hana yara zuwa makarantar allo ya zama filin ƙwallo. Aikin jarida yana kai ni waɗannan unguwanni da damina da kuma rani, kuma layin da na ratsa da wando a naɗe a watan Agusta shi ne nake gani an shimfiɗa wa tabarmin ɗaurin aure a Disamba.

Ruwa ma ɗaya ne cikin abubuwan da baƙon ɗari ba ya gani. Ba ya ganin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, wani lokacin ya kai 45, a ɗauke wuta da tsakar dare, tsofaffi da jarirai su kwana a tsakar gida ana yi musu fifita. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da aka katse ta har bayan ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. An ƙara tashar hasken rana ta Gorou Banda, amma har yanzu bazara lokacin gumi da jiran wuta ce. Ba ya ganin watannin Yuni zuwa Satumba da hatsi ke tsada kafin sabon amfanin gona ya shigo. Ba ya ganin Satumba da Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara, daidai lokacin da ake neman kuɗin littattafai da kayan makaranta. A 'yan shekarun nan azumi da Sallah ƙarama da layya ma duk bayan tafiyarsa suke zuwa.

Gida ma yana sa rigar Sallah

Da unguwa kaɗai ke canja fuska, da abin ya zo da sauƙi. Gidan da baƙo zai sauka shi ma shiri yake yi. Tun ana saura makonni ake fara lissafi: ɗakin wa za a ba shi, ina yaran za su koma, katifar da ta lotsa za a canja ta ko a rufe ta da sabon zanin gado. A karɓo buhun shinkafa da jarkar mai wajen mai kanti, a rubuta a littafi. Gidan da nama ke shiga tukunyarsa sau ɗaya ko biyu a mako sai ya koma kullum. Baƙo ya tashi da safe ya tarar da burodi da ƙwai da madara, ya ɗauka haka ake karyawa kowace rana.

Babu mai yin wannan da niyyar yaudara. Kara ce da kunya, da kuma son a faranta wa wanda aka daɗe ba a gani ba. Uwa ba za ta tari ɗanta da ya yi shekara uku a Turai da lissafin bashi ba. Ya tambaye ta: Inna, yaya gida? Amsar da zai samu ita ce lafiya lau, sai godiyar Allah. Yayansa ma ba zai so ƙane ya ga gazawarsa ba, musamman idan ƙanen ne ke aiko da kuɗi. Kowa ya yi shiru don ya kare mutuncin ɗan'uwansa, daga ƙarshe baƙo ya koma da tunanin cewa gida na tafiya daidai, mai kanti kuma ya fara aiko yaro karɓar kuɗinsa a makon farko na Janairu.

Nauyin wannan karɓar baƙi kuwa mun san kan wa yake sauka. Matar gida ce ke tashi tun duhun asuba ta ɗora ruwan wanka saboda sanyi, ita ke dafa abinci kala biyu don cikin yaran baƙo bai saba da yaji ba, ita da 'yan matan gidan ke wanke tulin kwanuka bayan abokan baƙo sun watse. Hutun makarantar ɗiyar gida a bakin murhu yake ƙarewa. Sau da yawa ita matar ce ta fi kowa sanin ainihin halin da gidan ke ciki, ita ce kuma baƙo ya fi ƙarancin zama da ita.

A Lamorde akwai ƙarin abu guda. Unguwar na maƙwabtaka da jami'ar Abdou Moumouni, ga kuma babban asibitin ƙasa mai sunan Amirou Boubacar Diallo. Saboda haka gidajenta ba sa rabuwa da baƙi duk shekara: ɗan ƙanwa da ya zo karatu bai samu ɗaki a jami'a ba, gwaggo da aka kawo daga ƙauye tana jiran ganin likita, mai jinyarta da zai yi wata guda. Sunan unguwar ma a Fulatanci mazaunin sarauta yake nufi, kuma gidan sarauta ba ya korar baƙo. Wanda ya zo hutu a Disamba ɗaya ne cikin jerin mutanen da tukunyar gidan ta ciyar a shekarar, sai dai shi ne wanda aka fi kashe wa kuɗi, alhali shi ya fi sauran ƙarfin aljihu.

Inda abin ke zama asara

Mafi tsadar shawarar da ake yankewa a hutun nan ita ce ta fili. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi a ƙasar waje, kwanakinsa a gida ƙididdigaggu ne, dillalai kuma sun san da haka. A ɗauke shi a mota a nuna masa wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe, ga iska, ga kogi ana hangowa, farashin ya fi na cikin gari sauƙi nesa ba kusa ba. A ce masa wani ma na nema, idan bai biya yau ba gobe babu. Ya biya, ya ɗauki hoto, ya hau jirgi. Babu abin da zai nuna masa a Disamba cewa wurin hanyar ruwa ne ko tsohuwar fadama, domin ƙasa ba ta magana da rani. Hukumomi sun sha gargaɗi kan gini a wuraren da ruwa ke kwanciya, amma gargaɗin da damina ake jin sa a rediyo, cinikin kuma da rani ake ƙulla shi.

Ta biyu ita ce ta gyaran gida. Abin da ido ke gani shi ake gyarawa: fenti, tayil, sabuwar ƙofar ƙarfe, babban talabijin a falo. Abin da gidan ke buƙata kuwa sau da yawa ba ya fitowa a hoto. Ɗaga dandamalin ƙofa don kada ruwan layi ya shigo, ɗaure gindin katangar ƙasa da siminti, gyara masai kafin ya cika ya haɗu da ruwan sama, sa silin a ƙarƙashin kwano don ɗakin tsohuwa ya daina zama tanda a watan Afrilu, faifan sola guda da batir da zai riƙe fanka da dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi, kuma sai an tambaye shi kafin a kira mai fenti.

Ta uku ita ce kuɗin wata. Baƙo ya leƙa kasuwa ya ga kayan miya da araha, hatsi bai daɗe da shigowa daga gona ba, ya yi lissafinsa a kan haka ya ce abin da yake aikowa ya isa har da saura. Idan aka kira shi a watan Yuli aka ce kuɗin bai kai ba, sai zargi ya shiga: ina ake kai kuɗin, ba ga shi na zo na gani da idona ba? Gidaje da yawa sun samu ɓaraka tsakanin wa da ƙane a kan wannan, alhali babu wanda ya ci amanar wani. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun daga Janairun 2024, wato kimanin Yuro 64. Abin da baƙo zai kashe a fita ɗaya da abokai a wani gidan abinci na cikin gari zai iya kai wannan. Wanda ke rayuwa a kan irin wannan albashi, ƙarin jika biyu ko uku a kan buhun hatsi ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Abin da baƙo zai iya cewa

Na san akwai mai karanta wannan a ɗakin haya a Buruksel ko Greensboro yana cewa an matsa masa. Ya yi wata goma sha ɗaya yana aikin dare a cikin sanyi, ya ci bashin kuɗin jirgi, ya cika jaka da tsarabar mutum talatin, sannan a ce hutun ma ya mai da shi bincike? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Yawancin masu zuwa ba masu kuɗi ba ne, kuma su ma suna ɓoye tasu wahalar kamar yadda ake ɓoye musu. Mai wankin kwanuka a gidan abinci yakan sauka da shadda mai tsada don kada a raina shi. Ke nan ɓangarorin biyu kowa na nuna wa ɗan'uwansa Disambarsa. Abin da nake nema daga baƙo bai wuce yini ɗaya ko biyu cikin kwana ashirin ba, kuma shi zai fi kowa cin moriyarsa, domin guminsa ne ke nutsewa idan filin ya zama tafki.

Wani zai ce ai yanzu akwai waya, duk abin da ya faru ana gani nan take. Gaskiya ne hotunan ambaliyar 2020 sun zagaya duniya cikin sa'o'i. Amma babban bala'i ne ke shiga waya. Ɗakin da ke ɗiga duk damina, ko maganin hawan jinin da Baba ya koma sha rabi-rabi don ya kai ƙarshen wata, babu mai ɗaukar su a bidiyo ya tura a zauren iyali.

Mu matasan da ke zaune a gida ma muna da namu kason. Mu ne ke tarar baƙo da jerin buƙatu tun bai ajiye jaka ba: waya, takalmi, kuɗin biza. Mu ne ke jan sa daga biki zuwa biki, daga wannan fada zuwa waccan, har kwanakinsa su ƙare bai zauna da iyaye awa biyu a jere ba. Wani lokacin mu ne ma ke haɗa shi da dillali don ɗan abin da za mu samu a ciki. Idan ƙane ya san filin da ake nuna wa yayansa ruwa na kwanciya a wurin ya yi shiru, ba shi da bakin zagin dillali.

Yadda ziyarar za ta yi amfani

Abu na farko mai sauƙi ne: ka dubi bango. Ruwa yakan bar shaida, layi mai duhu ko wurin da siminti ya kumbura, a gidanku ko a gidan maƙwabcin da bai samu halin fenti ba. Ka tambaya wace shekara ce, ruwan ya kai ina, kwana nawa ya yi. Ka taka da ƙafa zuwa bakin dig da safe, tafiyar ba ta da nisa, ka ga inda aka gyara da inda ya zaizaye, ka kuma kwatanta tsayin kogin da tsayin layinku. Ka je ka gai da mai unguwa da limamin masallacinku. Gaisuwar da ma wajibi ce a kanka, kuma su ne suka san gidan da ya faɗi da wanda ya tsaya.

Na biyu, kada ka biya kuɗin fili a lokacin rani sai wani da ka amince da shi, wanda ba shi da kaso a cinikin, ya ga wurin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Idan dillali ya ce ba zai jira ba, ka bar shi ya sayar wa wani. Ka tambayi masu lambu da tsofaffin da ke kusa da wurin, ka kuma kai takardun ma'aikatar magajin gari a duba kafin kuɗi su fita daga hannunka. Jiran wata takwas bai kai zafin ganin ginin shekara goma a cikin ruwa ba.

Na uku, ka nemi zama da wadda ke riƙe da tukunya, mahaifiya ce ko matar yaya, ba a gaban jama'a ba. Kada ka tambaye ta ko lafiya, ka san amsar. Ka tambaye ta buhu nawa ake ci a wata, nawa aka saye shi a watan Yuli, wane wata ne ya fi wuya, nawa ke rubuce a littafin mai kanti. Ku jera watannin shekara a takarda ɗaya: azumi, layya, tsadar hatsi, damina, komawa makaranta. Mai yiwuwa ba sai ka ƙara ko dala a kan abin da kake aikowa a shekara ba, sauya lokacin aikowar kawai zai wadatar, a sayi hatsi yanzu da yake da sauƙi a ajiye. Kai ma ka faɗa musu gaskiyar abin da kake samu da abin da haya da haraji ke cinyewa. Wanda ya buɗe nasa littafin ya fi samun a buɗe masa.

Na huɗu, ka ɗauki nauyin cikinka tun ranar da ka sauka. Malamai na karantar da mu cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya biyo baya kyautatawa ce daga mai gida. Mai zaman mako uku da mata da yara ya wuce baƙo, ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa da cefane ake saninsa. Wannan ya shafi mai zuwa daga Maraɗi ko Dogon Dutsi kamar yadda ya shafi mai zuwa daga Paris. Ɗan'uwanka na Yamai yana biyan haya, ruwa, wuta, gas da kuɗin taksi, abubuwan da wataƙila kai ba ka biyan rabinsu. Zama a babban birni bai mai da shi mai kuɗi ba. Buhun gero ko wake da za ka ɗoro a mota ya fi masa amfani nesa da turare.

Yaran da aka haifa a waje kuma, a kai su gidan tarihi na Boubou Hama su ga namun daji, a hau da su kwalekwale, babu laifi. Amma a bar su su yini a tsakar gida da kakarsu, su ɗebo ruwa da 'yan'uwansu, su ji Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a bakin masu su. A nuna musu layin ruwan nan na bango a gaya musu abin da ya faru. Nan da shekara ashirin su ne za a kira idan katanga ta faɗi, kuma ba za su aiko don gidan da suka sani a matsayin wurin shan iska kawai ba.

Hukuma ma na da aiki a wannan lokaci. Watannin ɗari da bazara su ne na gyaran dig da yashe magudanan ruwa, tun kafin hadari ya haɗu. Cibiyar AGRHYMET tana nan ƙetaren kogi, hukumar kula da kogin Neja ta ƙasashe tara hedikwatarta na Yamai, masana a jami'a sun yi shekaru suna nazarin inda ruwa ke bi. Ilimin yana nan. Abin da ya rage shi ne taswirar wuraren da ruwa ke ci ta fito daga ofis, a liƙa ta a ma'aikatar magajin gari ta gunduma ta biyar, a sa ta a intanet cikin harsunan da mutane ke ji, yadda ɗan Nijar da ke Abijan ko New York zai duba ta a wayarsa kafin ya tura kuɗi. Ofisoshin jakadancinmu da ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna ƙetare za su iya yaɗa ta cikin mako guda.

Ga wanda Allah Ya hore wa zuwa fiye da sau ɗaya, shawarata ita ce ya karkatar da tafiya guda cikin uku zuwa Agusta ko Afrilu. Ba za ta yi daɗin ta Disamba ba. Zai yi gumi, sauro zai cije shi, wataƙila taksi ya sauke shi a bakin kwalta ya ƙarasa gida da takalmi a hannu. Amma zai kwana a ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana a watan da ya fi mata wuya, kuma duk abin da zai yanke game da gidan bayan nan zai yanke shi ne da sani.

Allah Ya kawo matafiya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya kuma ba masu masauki ladan ɗawainiya.